Mirkat Sun Hana Mu Kafa Dutsen Mama

Zuwa ga ƙanwata Segomotso,

Gaisuwa mai yawa daga Tsabong, tare da roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Onkemetse da yara. Allah ya ba ki jimirin sanyin Kanada da tsayuwar aikin asibiti. Mu nan lafiya lau. An ɗan samu ruwa, awaki sun fara murmurewa, ƙafar Kawu Ditiro ma ta yi sauƙi, bakinsa ne dai babu sauƙi.

Rubutowa na yi don in a waya ne ihu zan yi miki. An ɗage bikin buɗe dutsen kabarin Mama, kuma ba wani ya jawo ba sai Yaya Gaolatlhe. Ranar da magini ya je zuba siminti, sai ya tarar da ramuka ta wajen kan kabarin. Ashe mirkat ne suka tare, 'yan banzan nan masu kama da tunku, da ke miƙewa kan ƙafa biyu suna leƙen shaho. Magini ya ɗaga shebur zai toshe, Yaya ya riƙe masa hannu. Wai uwar garken ta haihu a ciki, shi ya sa kullum in sauran sun fita neman kunama ake barin ɗaya a bakin rami tana raino, ta yini ba ta sa komai a ciki ba. Na ce Yaya, an sayi saniya, an gaya wa fasto, matan coci sun ɗinka anko. Ya ce saniya ta ƙara ƙiba, fasto ya ƙara addu'a, amma ba za a binne jarirai da rai a kan uwarsa ba.

Kawu ya ji labari ya taso da sandarsa, wai tun yana yaro da hayaƙi ake korar su, mu ne 'yan zamani muka lalace. Kafin a hana shi ya durƙusa ya zura hannu a ramin da tsumman da zai kunna wa wuta. 'Yar rainon nan, wadda ba ta kai gorar ruwa ba, ta kafa masa haƙora a babban yatsa. Ni na kai shi asibiti aka yi masa allura, yana zagin Yaya tun daga gida har gadon likita. Yanzu ba sa ga-maciji, ni ce mai kai saƙo tsakaninsu.

Ga kuma Gwaggo Mmaserame, da ta iso daga Kang da akwatinta tun kafin a ɗage. Ta ce ba za ta sake shan wannan hanya ba, a ɗakina za ta jira. Tuwona ya yi mata ruwa, shayina ya yi mata sanyi. Shi kuwa Yaya ya bar shanu ga Allah, kowace safiya yana maƙabarta kan kujerar roba. Ya dawo ya ishe mu da labari: wai uwar garken, tun tana da ciki, ta kori babbar 'yarta, 'yar ta rame tana ta gewaye ita kaɗai, yanzu ta dawo tana jan ciki tana yi wa uwar susa har an karɓe ta. Na ce Yaya, wannan gulmar ko matan bakin famfo ba sa yin irinta.

Da na ga babu sarki sai Allah, na bi dangi ɗaya bayan ɗaya na ba da haƙuri, aka mai da bikin Disamba. Segomotso, washegari da safe Yaya ya ja ni maƙabarta. Da idona na ga mirkat ɗin sun fito a jere, manyan ɗauke da 'ya'yan a baki ta ƙeya, guda yana bisa kututture yana gadi, suka tsallake wayar shinge suka yi cikin daji abinsu. Ko waiwaye babu. Na zauna a ƙasa na rasa dariya zan yi ko kuka, Yaya kuwa hannu yake ɗaga musu.

Da muka koma na amayar wa Gwaggo duk takaicina. Ta bari na gama, sannan ta ce in daina zagin bayin Allah. Wai tun da aka rufe Mama babu wanda ya yini a wurinta sai su, kuma su suka sa ɗanta ya zauna kusa da ita. Ta ce saura wadda ta ga jana'izar uwarta ta gilashin waya. Na ce aiki ne ya riƙe ki. Ta ce to, ai Disamba ana ba da hutu.

Ni dai na gaji da amsawa a madadinki. An zuba simintin, dutsen yana lulluɓe da farin ƙyalle. Yaya da Kawu, da ba su yarda da juna a kan komai ba, sun haɗu a kan abu guda: ke ce auta, ke za ki yaye shi. In ba ki zo ba haka zai zauna a rufe.

Gwaggo tana gaishe ki, Kawu ma haka, da yatsansa a naɗe. Ki gaishe mini da Onkemetse, ki shafa kan Tlotlo da Resego.

Yayarki,
Keneilwe