Gadon Lilon Baba

Lahadi, 14 ga Mayu
Ranar iyaye mata. A coci fasto ya ce wadda ta fi kowa jikoki ta tashi ta karɓi fure. Yaya Verna mana, har da gyara hula. Shida kacal, wai yanzu su ne yawa. Mama ta yi fiye da ashirin, ba wanda ya ba ta ko ganye.
Ni ina bencin baya. Curtis, ɗana tilo, bai cika wata biyar a kabari ba.

Talata, 16 ga Mayu
Verna ta zo da burodin masara, na san ba banza ba. Jikarta Shelby ta kusa haihuwa, gadon lilon da Baba ya sassaƙa take so.
"Auta, ƙura kawai yake sha a wurinki. Ko wani cikin kike shirin yi ne?"
Na ce ta kwashi burodinta.

Laraba, 17 ga Mayu
Na kifa gadon. Duk jaririn da ya kwana a ciki, da ƙarfe mai zafi ake rubuta sunansa a ƙasa. Mu tara na Mama. Huɗun Verna. Sai Curtis. Jikokinta a birni aka haife su, na kanti aka saya musu. Ƙarƙashin sunan Curtis fili ne, na ɗansa nake ajiyewa.
"Mama, bari mu samu gida. Bari aikin Janelle ya zauna." Curtis da matarsa Janelle kullum bari. Ciwon zuciya bai jira su ba.

Asabar, 27 ga Mayu
Verna ta samu komai. Wannan ma sai ta haɗa?

Alhamis, 8 ga Yuni
Shelby ta zo da kanta, ƙafafu a kumbure. Ba ta ambaci gadon ba. Ta ce Curtis ne ya koya mata keke, yana bin ta a guje yana ihu, "Birki, 'yar nan, birki!" Na yi dariya, na ji haushin kaina.
Wai daga wannan sun rufe haihuwa, reno ya yi tsada. Ita ma ɗaya.

Litinin, 3 ga Yuli
Shelby ta haihu. Namiji ne, Emmett. Ni na ɗora ƙarfen a wuta, Verna ba ta iya ba. Na sa sunansa ƙarƙashin na Curtis, don nan ne katakon bai tsage ba, shi ke nan.
Na faɗa wa Verna gadon aro ne. Gobe zan leƙa, in ga ko sun iya kaɗa shi.