Riɗin Watan Agusta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma irin wadda 'ya ke yi wa uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan gida lafiya lau. Damina ta yi kyau, geron bayan gida ya wuce Baba tsawo, shi kuma yana nan da ƙarfinsa da mitarsa. Na san mutanen shafina na sada zumunta za su karanta wannan takarda, ba laifi, amma da ke nake.

Kin tafi kin bar ni ina shekara ta uku a jami'a. To, na gama karatun lauya, saura makarantar horar da lauyoyi. Kafin a kira mu, kowa yana neman ofishin da zai zauna wata uku ya ga yadda ake aikin. Ni na ƙwallafa rai a kan lauyoyin 'yan kasuwa, masu rubuta wa kamfanoni yarjejeniya. Da na yi wa Baba bayani, sai ya ce, "Au, ashe dillanci za ki yi, sai dai naki da hular gashi." Har yau haka yake gaya wa abokansa a ƙofar masallaci.

Kin san wayar garinmu ba ta kamawa sai a tudun bayan firamare. Can nake zuwa in tsaya cikin awaki, in ɗaga waya sama, in tura takardun neman gurbi. Na tura har na gaji, babu wanda ya ce min ko sannu.

Hauwa ce ta gano ciwon, ƙawar nan tawa ta Bacirawa da muka yi ɗaki ɗaya, wadda kike aika wa ƙuli-ƙuli. Ta karanta takardata, ta ga na rubuta cewa ni ba kowa ba ce, a taimaka min saboda Allah. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ke aiki kike nema ko sadaka?" Ta tsare ni sai da na rubuta cewa ina cikin na gaba-gaba a ajinmu, kuma na iya kaza da kaza. Inna, da ƙyar na rubuta. Ke kika rene ni, ke da ko miyarki aka yaba sai ki ce daddawar ce mai kyau.

Sabuwar takardar ce ta sa wani ofishi a cikin Kano ya kira ni gwaji. Mu huɗu aka kira, gurbi kuma ɗaya ne. Na san in ya wuce ni, shi ke nan, a gida zan yi zaman jiran nan.

Na hau bas daga Tsanyawa da sassafe. Ofishin yana saman bene, an shimfiɗa masa kafet mai laushi, ni kuwa ina ganin kafet na tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Sakatariyar ta biyo ni da su a hannu tana cewa, "Hajiya, sa abinki, nan ba masallaci ba ne." Sauran ukun, 'yan birni, suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Da babban lauyan ya shigo, wani dattijo mai furfura da kowa ke kira Barista, gwiwata ta kai ƙasa kafin in tuna inda nake.

Ya ba kowa kwafin wata yarjejeniya da ya ce shi ya tsara ta da hannunsa, an goge sunayen masu ita. Wani kamfani da suke yi wa aiki ne zai kai wa Turawa sabon riɗin bana bakin jirgin ruwa a Legas, in ya makara kuma a ci shi tara mai nauyi. Ya ce mu karanta, kowa ya faɗi abin da ya gani.

Su ukun suka yi ta zuba Turanci da ambaton dokoki, kuma wallahi sun iya. Ni idona ya maƙale a layi ɗaya. An rubuta za a kai kayan kafin ƙarshen watan Agusta.

Inna, sabon riɗi a Agusta! A hanyata ta zuwa na wuce gonakinsa, ko fure bai gama yi ba. Ni da nake binki gonar gefen rafi da kaka, ki yanka, in ɗaure, mu jingine shi tsaye ya bushe, sannan mu kakkaɓe a kan tabarma kina yi min faɗan kada ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa.

Amma ta yaya zan dubi dattijo sa'an Baba, a ofishinsa, a gaban mutane, in ce ya yi kuskure? Sai na tuna yadda kike yi. Shekarar da Baba ya ce zai shuka gyaɗa a kwarin gona, ba ki ce masa a'a ba. Tuwo kika ajiye masa, kika ce, "Malam, tambaya nake, bara a ina ruwa ya kwanta ne?" Washegari ya shuka ta a tudu, ya kuma yi ta ba da labarin dabararsa.

Da layi ya zo kaina, na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya nake, a wane wata ake yankan riɗi?" Na zauna ina jiran ya gane da kansa.

Ashe dabararki sai ga manomi take aiki. Bawan Allahn nan a birni aka haife shi, riɗi a kantu kawai ya san shi. Ya cire tabarau ya ce, "Ban sani ba. Ke gaya min."

Babu wurin ɓuya kuma. Na ɗaga kai na dube shi, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ce masa sai damina ta ɗauke ake yanka, sannan a jira ya bushe, a kakkaɓe, a sheƙe. Na ce in aka sa hannu a takardar nan yadda take, mutanensa sun amsa tarar tun kafin a fara. Ya ja layi da biro, ya ce mu tafi, za a neme mu.

Da na ba Baba labari, ya riƙe baki ya ce, "Kin je gidan mutum neman alfarma, kin gyara masa zance? To, ki nemi fartanya." Kwana uku ina hawa tudun firamare ina saukowa ba komai.

Rana ta huɗu waya ta yi ƙara, kuma shi ne da kansa. Ya ce ya tambayi masu kayan, sun ce maganata haka take, wajen kwafe tsohuwar takarda aka ɗauko watan. Ya ce in fara ranar Litinin. Na durƙusa a cikin awakin nan ina godiya, ko da yake ba ya ganina.

Kafin ya ajiye, ya tambaye ni wane malami ne ya koya min wannan a jami'a. Na ce ba malami ba ne, Innata ce. Ya yi dariya ya ce, "To, ki gaishe min da ita, ki ce ta iya koyarwa."

Na buɗe baki in gaya masa kin rasu, maganar ta ƙi fita. Abin da aka saba faɗa shi ya zo min, na ce, "Za ta ji."

Na yi murna ranar, na kuma yi kuka, don ke ce mutum ta farko da na so in rugo in gaya wa. Amma na riga na karɓi saƙo, ke kuma ba ki yarda a kwana da saƙon mutane ba. To ga shi na kawo, Inna. Barista yana gaishe ki, ya ce kin iya koyarwa.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa duk ƙwayar da kika shuka ta zame miki lada. Ya ba ni ikon riƙe amanar mutane a aikin nan yadda kika riƙe tamu. Amin.

Taki har kullum,
Autarki, dillaliya mai jiran hular gashi.