Takarda ya manna kada a taɓa, ni kuma na taɓa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, ku kuma don girman Allah ku karanta har ƙarshe ku ba ni shawara, abin ya daɗe yana ci na.

Lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba, ina budurwa, na samu aikin taifin a ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Birnin Kebbi. Ni mutum ce mai son littattafan soyayya, jakata ba ta rabuwa da guda biyu ko uku, kullum ina jiran ranar da nawa labarin zai fara. Sai Allah ya kawo wani ɗalibi ɗan Argungu, bari in kira shi Bashar. Ba shi da surutu, takalminsa kullum da lakar fadama, amma in ya zauna gaban kwamfuta sai ka ga fuskarsa ta sake. Malama yake ce mini tun ran farko, ni kuma Yaya Bashar. Cikin shekara guda har gidanmu sun san shi.

Furojet ɗinsa na ƙarshe furogiram ne na jera sunayen manoman shinkafa da gonakinsu. A ciki akwai ɓangare biyu masu aiki iri ɗaya, fankshin suke ce musu, ɗaya na cikin littafi, ɗaya shi ya ƙirƙiro da kansa. Yana so ya gano wanne ya fi sauƙi ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ya ce mini agogon hannu ba ya iya wannan awo, amma a cikin furosesar akwai wasu ƙananan mitoci, suna ƙirga bugu nawa ta yi, umarni nawa ta gama, da sau nawa ta nemi abu kusa ta rasa sai ta je nesa. Kuma ya ja mini kunne, wai mitocin kamar mitar wutar gida suke, duk abin da aka kunna suna ƙirgawa, ba su san ɗakin wa ba ne. Na ce na gane. Gaskiya idonsa nake kallo.

Wata Alhamis aka aiko ana yankan shinkafa a gida, dole ya tafi Argungu. Ya riga ya auna nasa fankshin ɗin, sai ya kunna awon na littafin, wanda zai yi ta maimaitawa har la'asar, ya manna takarda kada a taɓa, ya ce in ta gama in kwafe masa lambobin. Ɗakin ya yi shiru, ɗalibai sun kama sauran na'urorin, ni ga kewa. Sai na ce ai rubutu ba wani aiki ba ne. Na buɗe wurin rubutu a kan kwamfutar nan, na fara labarin soyayya, saurayin ɗan bakin gulbi, yarinyar mai taifin. Ina yi ina adanawa a fulofi, wato ɗan faifan ajiya na lokacin, har la'asar.

Da ya dawo ya ga lambobin sai ya kasa zama. Na littafin ya fito da nauyi sosai, nasa kuma kamar iska. Ya zo ƙofar gidanmu da kifi a leda yana dariya, ya ce da Hausarsu ta Argungu, "Malama, ke ta sa'ata." A ran nan ban ma haɗa abin da rubutuna ba.

Ranar kare furojet malamin da aka gayyato daga waje ya ce a sake awon a gabansa. Aka sake. Fankshin biyun suka fito kusan daidai. Ina tsaye bakin taga na ji ana tambayarsa inda ya samo lambobin farko, yana rantsuwa, ana cewa ƙirƙira ya yi. Nan take maganar mitar gida ta faɗo mini. Da na shiga na yi magana a lokacin da ƙila an saurare ni. Tsoron kora ya kama ni, da tsoron ya tsane ni. Na juya na koma ɗakin kwamfuta.

Aka soke furojet ɗin, aka ce ya maimaita shekara, ya ƙi. Mun yi faɗa a kan haka, ina ce masa ya daure, shi yana cewa ba zai zauna inda ake masa kallon maƙaryaci ba, kuma ba zai aure ni yana mutumin da bai gama komai ba. Ya koma Argungu noman shinkafa da albasa. Na yi ta jiran wasiƙa irin ta littafi, ba ta zo ba. Daga baya na yi aure, na haifi uku, maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Bara na je biki Argungu, wayata ta lalace aka nuna mini wani shagon gyaran waya. Shi ne a ciki, furfura ta fito, matarsa ma ta rasu. Ya ɗago ya ce, "Malama, ke ta?" Tun daga nan muke waya kullum, kuma yanzu maganar aure ta taso, yayyensa za su zo wajen kawuna ran Asabar mai zuwa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne makon jiya da na leƙa shagonsa ya ɗauko wani tsohon littafin rubutu daga durowa, lambobin nan ne, da rubutun hannuna. Ya ce duk shekarun nan yana komawa kansu, ya karanta abin da ya samu a kan mitocin, ya sake lissafi, bai ga inda ya kuskure ba. Ya ce ba hukuncin ne ya fi masa ciwo ba, daina yarda da kansa da ya yi ne. Ko sau ɗaya bai zarge ni ba. Cewa ma ya yi ni kaɗai ce ban taɓa masa kallon maƙaryaci ba, shi ya sa bai manta ni ba.

Fulofin yana nan cikin akwatina, kwanan wata da lokacin da na adana labarin suna jikin fayil ɗin, daidai da na littafinsa. Ƙawata ta ce in bar abin da ya wuce, ai yarinta ce. Amma in na yi shiru zai ci gaba da neman kuskuren da ba nasa ba, ina kusa da shi ina zuba masa abinci. In kuma na faɗa, dalilin da ya sa yake so na shi ne zan rushe da bakina.

'Yan uwa, in kai masa fulofin kafin Asabar, ko in bari sai an ɗaura? Ko in tafi da shi kabarina? Maza musamman ku gaya mini, in ku ne shi, za ku iya sake ce mini Malama?