Ƙarin da ke Goshin Rakiya

Zuwa ga Dagacin garinmu, a ƙasar Kabo.

Ranka ya daɗe, gaisuwa da ban girma, tare da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ni ne Malam Isiyaku mai makarantar allo ta bayan masallaci, uban Rakiya. Sau uku ina zuwa zaurenka ana ce mini kana barci, shi ya sa na rubuta wannan, na ba da a karanta ranar kasuwa.

Na farko. An haifi Rakiya farkon damina da ƙari tsakanin idanunta, kamar ƙwan zabo, mai taushi, in ta yi kuka sai ya cika ya yi tauri. Ka zo sunanta, ka ci naman ragonta. Wata huɗu ta yi tana shan nono, tana dariya in an kira ta. Daga gidanka aka fara kiranta Mai Kai Biyu, har uwarta Hajara ta daina zuwa biki da suna.

Na biyu. Bayan girbin gero masu duba ciwon barci suka zo rangadi, aka yi shela kowa ya fito a taɓa wuyansa. Na yi murna, don akwai Bature likita tare da su. Sai ka aiko a ɓoye yarinyar, wai kada a rubuta garinka cikin garuruwan masu cuta. Hajara ta yini da ita cikin rumbu, tana toshe mata baki da nono kada a ji kukanta, alhali likita yana gindin tsamiyar ƙofar gidanka yana shafa wuyan ƙarti masu lafiya. Tsakaninsu bai kai jifa ba.

Na uku. Kwana biyu da tafiyarsu ka turo Sarkin Aska, ka ce ƙurji ne da ya nuna, a fasa shi kafin su dawo. Da ya tsaga shi, ba mugunya ce ta fito ba. Wani ruwa ne garai-garai, yana ta tsiyaya ya ƙi tsayawa. Ya cusa garin magani, ya wanke askarsa, ya kama gabansa. Kwana uku tana zafin jiki tana sanƙarewa, ranar Alhamis ta cika. Ba zan ɓoye nawa laifin ba: ni na riƙe ƙafafunta, don tsoron rawaninka ya fi ƙarfin tausayin kukanta a zuciyata. Har yau ba na iya haɗa ido da Hajara.

Daga baya na gamu da wani malamin asibiti a kasuwar Gwarzo, ya ce irin wannan ƙari haɗe yake da ƙwaƙwalwa, ba a kai masa aska, birni ake kai yaro. Bai ce lalle da ta rayu ba. Kwananta ne ya ƙare, na sani, ni nake koya wa mutane haka. Amma ta'aziyyar da ka aiko ita ce wai Allah ya hutar da mu. Wa ya gaya maka mun gaji?

Na huɗu, wanda shi ne dalilin takardar nan. An haifa wa Ɗanladi maƙeri ɗa da irin ƙarin nan a ƙeya. Jibi ne suna, kuma na ji ka gaya wa Sarkin Aska ya gama aikin gaba ɗaya lokacin aski. Ina roƙonka ka janye wannan umarni, ka ba uban izini ya kai ɗansa birni. Jakina yana nan, ni zan raka su. In kuwa ka ƙi, ni aka ce in yi addu'ar sunan. Zan zo, zan zauna dab da wanzaminka, kuma wannan karon hannunsa zan riƙe.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka jikokinka, kada ya nuna maka ranar da za a ɓoye ɗayansu cikin rumbu.

Wassalam.
Malam Isiyaku, uban Rakiya.