Adakar Kaka Ibrah

Abijan

Nafi'u,

Bayan gaisuwa, ya ƙarin haƙurinmu na rashin Inna? Allah ya jiƙanta.

Ban zo jana'iza ba, ba ni da bakin magana, na sani. Amma abu guda na roƙa cikin gado: adakar da Kaka Ibrah ya taho da ita daga Takoradi, sa'ad da ya bar aikin jirgin ruwa. Bisa raƙumi ta iso gida, ƙasar Kurfai. Baba ya aje irin gero cikinta, Inna ta yi mana tsifa da aski bisanta. Yau direban da ya kawo min saƙo ya ce kun koma Filinge da tabarmi da tukwane, babu adaka. Ya ce masu sayen tsoffin kaya daga Yamai suna yawo.

Na gaji da dakon buhunan mutane a bakin teku, ƙarfin faɗa ma ba ni da shi. In saidawa ka yi, faɗa min, in san ba ni da ƙane. In ba haka ba ne, ina saurare.

Wanka, Magagi


Filinge

Yaya Magagi,

Ina gaisheka da girmamawa. Nafi'u ya karanta takardarka, ya fita bai ci tuwo ba, shi ya sa ni na amsa.

Ranar da Inna ta cika, masu bindiga sun riga sun hana kowa shiga daji a ƙauyukanmu na Sanam. Maza huɗu kaɗai sunka rage garinmu. An gina kabari, babu itacen da za a jera bisanta kafin a maida ƙasa. Ƙofofinmu na kwano ne. Liman ya ce a rufe ta haka nan, lalura ce. Nafi'u ya ce ƙasa ba ta taɓa fuskar uwarsa yana raye. Ya juye irin da ke cikin adakar a zanena, ya ɗauko gatari. Katakon ya yi tauri, har hannunsa ya tsage.

Shi ya hana a gaya maka. Ya ce baƙin ciki guda ya ishe mutum a ƙasar wasu.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Basiratu


Abijan

Basiratu,

Na gaishe ku duka. Ki nemi Nafi'u ki ba shi abinci, ki ce Yaya ya yi magana irin ta wanda ba ya nan, ya yafe min.

Ki tambaye shi abu guda, don na kasa barci. Inna doguwa ce. Katakon ya kai har ƙafafunta?

Magagi