Nauyin Maigida

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da gwiwoyin nan naka masu ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na san kunnuwanka sun daina jituwa da waya tun da injinan masana'anta suka gama da su, shi ya sa na ɗauki biro.

Wata biyar ke nan da ɓarin jikin Maigida ya shanye. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce da sauƙi. Kai ba zan ce maka haka ba. Wata Talata, mako biyu da suka wuce, na yar da shi.

A banɗaki ne. Na gama yi masa wanka, na sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa zan mayar da shi kan kekensa na marasa lafiya, sai na ji wani abu ya tsinke mini a baya, hannuwana suka buɗe da kansu. Ya faɗi tsakanin bokiti da bango. Yaya, mutumin da ya shekara ashirin da shida yana tuƙa babbar mota, ga shi kwance a kan tayil, ba sutura, yana kallon rufi. Na ja, na tura, na roƙi Allah, ko motsi. Kilo tamanin da bakwai ne, ni kuwa ka san ni. Na lulluɓe shi da tawul, na zauna kusa da shi tun hantsi har azahar, sai da maƙwabcinmu mai gyaran firji ya dawo ya ji kirana. Da mutumin ya shigo, Maigida rufe ido kawai ya yi. Da ihu ya yi mini da ya fi sauƙi.

Matar da ke yi masa gashin ƙashi a asibiti ta duba bayana ta ce, "Mama, in kika ci gaba a haka, majinyata biyu za a samu a gidan." Ita ta kwatanta mini wani wurin ɗaga ƙarfe a saman shagon fenti, inda ake bai wa mata safiya uku a mako. Matar mai firji tana zauna mini da shi awa ɗaya da rabi. Na je sau uku. Sandar kaɗai, ba faifan nauyi ko ɗaya a jikinta, rawa take a hannuna.

Magana kuwa ta riga ta zaga layinmu. Jiya wata da nake yi wa ɗinki ta zo gwajin riga, ina durƙushe ina kama mata ƙasan, ta ce, "An ce gyaran jiki kike zuwa. To, ai gara mutum ya shirya tun da wuri." Bakina cike da fil, na ci gaba da kama ƙasan rigar.

'Yarmu tana can nesa da jariri a hannu, ban gaya mata komai ba. Kai ne ka taɓa wannan harka a gidanmu. Ka koya mini. In kuma haukacewa na yi, a shekara arba'in da tara, ka faɗa mini gaskiya.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwoyin suna amsa gaisuwa.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ke ce a wurin ƙarfe? Ke da in aka aike ki ɗebo ruwa sai kin huta sau biyu tsakanin famfo da kicin? Na yi dariya, daga baya Antinki ta same ni ina share ido, na ce mata mura ce.

Ba ki haukace ba. Ki saurara. Bayanki ba igiyar guga ba ce, ƙafa ke ɗaga kaya. Ki matso da sandar har ta taɓa ƙaurinki, ki cika ciki da iska ki riƙe, ki ture ƙasa da dugadugai kamar ta yi miki laifi. Kada ki kalli abin da ta kusa da ke take ɗagawa. Ki ci ƙwai, ki ci wake, ki daina shan shayi kina kiransa abinci. Na san halinki.

Zancen mutane kuma, bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Kun ɗauka gwiwa ce ta raba ni da ƙarfe. Ba ita ba ce, lokacin ƙalau take. Saura mako uku gasa, baban Antinki ya ce a gaban jama'a ba ya haɗa zuri'a da ɗan dambe. Ko bambancin dambe da ƙarfe bai sani ba. Na ji kunya, na mayar da bel ɗina, ban sake taka wurin ba. Bayan shekara biyu na tuna masa maganar, wallahi ya ce shi bai tuna ya faɗa ba. Shi ya manta, ni har yau in na ga sanda hannuna ƙaiƙayi yake.

Ki gaida mini Direba. Ki ce masa ya rage cin tsakiyar burodi, ya tausaya wa ƙanwata.

Yayanki

*

Zuwa ga matar ƙanena,

Bayan gaisuwa irin ta addini, da fatan mai jiki yana samun sauƙi, amin.

Na rubuto ne domin magana ta zauna a takarda, kada a ce an ce. Wata uku ke nan labari yana iso mini cewa kina barin mara lafiya a hannun maƙwabta kina tafiya wurin da bai dace da shekarunki ba, bai kuma dace da halin da gidan yake ciki ba. Na yi shiru. Daga baya na ji cewa ya taɓa faɗuwa a hannunki, kuma ba daga bakinki na ji ba.

'Yan'uwa mun zauna. Mun yanke cewa ranar Asabar ta ƙarshen wata zan zo da mota in ɗauke shi zuwa gidana, inda akwai maza. Ba a hana ki zuwa duba shi ba.

Kada ki ɗauka fin ƙarfi ne. A zuwana na ƙarshe, lokacin da kika shiga kicin, shi da bakinsa ya roƙe ni in ɗauke shi. Sau biyu ya faɗa, don in tabbatar na ji daidai.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki haƙuri.

Yayan mijinki,
Hedimasta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ga takardar Hedimasta nan na haɗo maka, ka karanta da kanka, hannuna ba zai iya kwafe ta ba.

Kwana tara ban je wurin ƙarfe ba. Kafin takardar ta zo na kai kilo hamsin daga ƙasa. Koci, matar da ke koya mana, har tafi ta yi mini, na dawo gida ina jin yunwa irin wadda na manta da ita. Mata uku sun kwashe yadinsu daga wurina, ban damu ba. An daina amsa mini gaisuwa a bakin shagon kayan miya, na ce su dai suka sani. Duk wannan na iya. Amma shi, Yaya? Shi da nake juyawa kowane awa uku don kada bayansa ya yi gyambo?

Na tambaye shi. Ya juya fuska bango. Kwana biyu ina ba shi abinci a baki ba mai ce wa wani komai. Na zauna gaban keken ɗinki na ɗinke hannun riga a wuya, sai da na warware.

Rana ta uku ina shafa masa mai a ƙafa, ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiya, ya juya tafin. Ka san yadda sanda ke yi: kanta ta fito, biyu sun fashe. Ya daɗe yana kallo. Ka san maganarsa yanzu, kalma ɗaya sai ya yi gumi. Ya ce, "Ni na jawo." Ya huta, ya ce, "Suna zaginki. Ina ji ta taga."

Ashe duk safiyar da na fita, gadonsa na jikin taga, yana kwance yana jin abin da ake faɗa a bayana, ba shi da bakin ramawa, ba shi da ƙafar fita.

Na san tausayi ya kamata in ji. Wallahi haushi ne ya taso mini. Na ce masa, "Layi duka sun yi shawara a kan jikina, 'yan'uwanka sun yi zama a kansa, yanzu kai ma ka yanke mini abin da zan iya, kuma ba wanda ya tambaye ni." Na ɗaga murya a kan mara lafiya, Yaya. Allah ya yafe mini.

Har yanzu bai janye ba. Ya ce tafiya zai yi. Saura kwana goma sha ɗaya. Ban san don wa zan koma in ɗaga ƙarfen ba, ban san me zan yi da ɗakin nan in babu shi ba. Don Allah ka zo.

Auta

*

Auta,

Na ga saƙo. Na nemi hutu a wurin aiki, sun ce sai wani wata. Ko na zo, da kunnen nan Hedimasta zai yi ta jawabi ne ina gyaɗa kai.

Ba zan ce miki ki tare ƙofa ba. Mijinki jikinsa ne ya shanye, hankalinsa na nan. In ya ce zai tafi, yana da wannan ikon, ko da kuskure yake yi. Amma ikonsa bai kai ga ƙafafunki ba. Gobe ki ɗaura takalmi ki koma. Ki janye gadon daga jikin taga. Ki ce wa kocin ta koya miki ɗaga buhun yashi, don mutum ba sanda ba ne, ba shi da mariƙi. Ki samo bel mai faɗi ki riƙa ɗaura masa a ƙugu.

Ban san ko wannan zai dawo miki da shi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Na dai san abin da barin abin da ake so yake yi wa mutum.

Allah ya dafa miki.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya tafi.

Na koma wurin ƙarfe kamar yadda ka ce, sau huɗu kafin ranar. Buhun yashin ya koya mini abin da sanda ba ta koya mini ba.

Asabar da hantsi suka zo, Hedimasta da mijin 'yarsa. Na riga na yi masa wanka, na haɗa jakarsa, na rubuta lokutan magani a takarda. Mata sun cika ƙofofinsu, kowacce da tsintsiya a hannu, sai ka ce ranar aka fara ƙura a layin.

Hedimasta ya ce in koma gefe. Suka kama shi ta hammata, ɗaya nan ɗaya can, suka fizga. Kafaɗar da ta shanye ba a janta haka. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, surukin ya tsorata ya saki, Maigida ya zame ya durƙushe a gaban gado, kansa a kan katifa. Suka tsaya suna gardamar wa ya fara saki.

Na ce, "Yaya, ku matsa." Ban taɓa yi wa Hedimasta magana da wannan murya ba. Ya matsa.

Na ɗaura masa bel, na gyara masa ƙafarsa mai lafiya ta taka ƙasa, na ce ya rungumi wuyana. Na tsuguna, na cika ciki da iska, na ture ƙasa. Ya taso, Yaya. Ya taso kamar yadda ya kamata mutum ya taso, fuskarsa daidai tawa. Na juya da shi na zaunar a kekensa. Bayana bai ce komai ba.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Ga mota a ƙofa. Ka ga abin da na iya. In har yanzu tafiya kake so, ni zan saka ka a ciki, ba wanda zai sake ja maka kafaɗa." Ya kalli yayansa, ya kalli ƙofa inda ake leƙe. Ya ce, "Ki huta."

Na tura shi har bakin titi a gaban kowa, na ɗaga shi na sa a kujerar gaba, na gyara masa hannun a kan cinya. Ban yi kuka ba sai da na rufe ƙofa, shi ma a banɗaki, na buɗe famfo.

Yau kwana goma sha shida. Ba na iya cin abinci a falo. Na je gidan sau biyu, aka ce yana barci. A layi an ce ai burina ya cika. Ina zuwa wurin ƙarfe duk safiyar da aka buɗe mana, don a nan kaɗai kaina yake yin shiru. Shekaranjiya na ɗaga sittin. Na ajiye sandar na rasa wanda zan gaya wa, shi ne na ce bari in gaya maka.

Ka yi mini addu'a.

Auta

*

Zuwa ga matar ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya.

Ina rubuta wannan a kwance, bayana ya riƙe tun ranar Lahadi. Ƙanena ya faɗi sau biyu a gidana. Ba barci yake yi ba ranakun da kika zo, ni na ce a faɗa miki haka, don kada ki ga ƙujewar da ke goshinsa. Kwana uku ke nan ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi.

Yau ya sa na ɗauko biro, ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara. Ya ce: "Na yi kuskure. Ki zo ki ɗauke ni."

Zan turo mota idan kin amince. Ban san ranakun da kike zuwa wurin ƙarfen ba. Ki zaɓi ranar da ba za ta ci karo da su ba, ki sanar da ni.

Na gode. Ki yi haƙuri.

Yayanki,
Hedimasta