Kwalayen da Rufino Ya Loda Mini

Trinidad, Beni,
Watan Fabrairu.

Zuwa ga yayana Ovidio,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Brígida da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Bergamo can Turai, don na ga hotonka cikin ƙatuwar rigar nan kamar an ɗaure buhun shinkafa. Allah ya yaye maka ciwon bayan da ke damunka, ya sa albarka a aikin ginin. Mu nan kowa lafiya. Maigidana Delfín yana nan yana fama da ni da shagon maganin dabbobi. 'Yata Noelia ta koma jami'a a Santa Cruz, ta rame, wai karatu ne, ni kuwa na ce rashin girkin gida ne. Ruwa bana ba ya wasa, kogin Mamoré ya cika ya batse, hanyar gonarmu ta zama ta kwalekwale. Mama Eulogia tana wurina yanzu, kuma dalilin zuwanta yana cikin abin da zan gaya maka.

Mama ta ce ka kira ta, ka ce wai na tozarta amininka Rufino, na zubar maka da mutunci, kuma ya kamata in je in ba shi haƙuri. Ban kira ka ba, don na san mu biyun: za mu ɗaga murya ne har wayar ta yi zafi, ba wanda ya ji wani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka ka zauna ka karanta, ko da ranka zai ɓaci.

Ka san yadda na bar koyon tuƙin jirgi kusan shekara ashirin da suka wuce, lokacin da Baba ya rasu ina ɗauke da cikin Noelia. Ban taɓa kuka da hakan ba. Amma bara, da zazzaɓi ya kwantar da Mama a gona ruwa ya tare hanya, na yi ta yawo rumfa-rumfa a filin jirgi ina roƙon matuƙa kamar mai bara, wannan ya ce ya tafi ɗaukar nama, wancan ya ce filin saukar jirgi na gonarmu ya yi laushi. Ran nan na rantse sai na kammala na karɓi lasisina, ko da haya zan riƙa ɗaukar jirgi. Kai ne ka ce in je wurin Rufino, abokinka tun na yarinta, wanda ya tsaya wa ɗanka a wurin baftisma. Ka ce zai riƙe ni kamar ƙanwarsa, kuma zai yi mini sauƙi. Sauƙi kam ya yi, har na riƙa mamaki.

Yaya, Rufinon da ka bari ba shi na tarar ba. Siririn matuƙin nan mai farar riga da 'yan mata suke leƙe ta katanga, yanzu tumbi ya yi masa gaba, har sai ya tura kujera baya kafin sitiyari ya motsa. Kumatunsa kullum cike da ganyen koka da yake taunawa kamar goro, yana tofar da koren yawu cikin wata gorar roba da yake maƙalewa tsakanin cinyoyinsa, kuma ba ya zubar da ita sai ta cika. Ka yi tunanin wannan cikin ƙaramin jirgi, kafaɗa na gugar kafaɗa, rana tana dukan gilashi. Rumfar makarantar tuƙin da yake koyarwa kuwa kaji sun mayar da ita gidansu. Samarin da ke koyo, sa'o'in Noelia, suka sa mini suna Gwaggo. In na shigo sai su ce a kawo wa Gwaggo matakala, wani ya ce a duba ko ta zo da maganin hawan jininta. Na yi dariya tare da su, don ba ƙarya suka yi ba duka.

Hannuna ya manta, wannan gaskiya ce. Saukata ta farko sai da jirgin ya yi tsalle kamar kwaɗo, Rufino ya ce wai in ina son wasan sukuwa in koma gona akwai dawaki. Lambobin da nake karantawa a dā ba tabarau, yanzu sai na ɗaga haɓa ina ƙifce-ƙifce. In zan yi magana da hasumiyar filin jirgi ta rediyo sai harshena ya sarƙe, samarin su riƙa kwaikwayona a ƙarƙashin mangwaro. Na haɗiye duk wannan. Sannu a hankali jikina ya tuna abin da kaina ya manta, har ranar da Rufino ya fita ya bar ni na zaga filin ni kaɗai. Delfín yana bakin shinge yana ɗaga hula kamar mahaukaci. Ran nan na ce a raina, ai mutumin nan ƙazanta ce kawai aibinsa, malami ne na gaske.

Daga nan muka shiga tafiye-tafiye masu nisa, kuma kullum wuri ɗaya yake zaɓa mana, wata gona can bayan Santa Ana. Wai filinta gajere ne, ya dace da koyo. Da mun sauka sai ya ce in shiga kicin matar gidan ta ba ni abin sha mai sanyi, shi zai loda ɗan cuku da busasshen naman da ake ba shi tsaraba. In na ce bari in auna nauyin kayan kamar yadda shi da kansa ya koya mini, sai ya ce haba Zulema, kwali biyu ne marasa nauyi, kada ki zama kamar tsofaffin matan da ke ƙirga ƙwayar shinkafa. Ina jin wani ɗoyi a hanyar dawowa, amma da ƙarar inji da abin kunne da gorarsa, sai na ɗora laifin a kan cuku.

A watan jiya muka sake zuwa. Muna dawowa hadari ya tare mana gaba, baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, dole muka sauka a wani filin ciyawa na makiyaya mu jira ya wuce. Na kashe inji, farfela ta tsaya, na cire abin kunne. A cikin shirun nan na ji wani kuka a bayan kujerata, a shaƙe, kamar jariri ya gaji da kuka. Na dubi Rufino, ya ce 'yan tsaki ne matar gidan ta ba Mirtha, matarsa. Ya fita ya zaga bayan jirgi zai yi fitsari. Ni kuwa da na shekara ina sayar da abincin kaji na san kukan ɗan tsako. Na miƙa hannu na yage kwalin.

Yaya, ba 'yan tsaki ba ne. 'Ya'yan aku ne, manyan nan masu shuɗin maƙogwaro da muke kira paraba, waɗanda Baba ya taɓa zane ka don ka harbi ɗaya da danƙo. An ciro su daga kogon itace tun gashinsu bai gama fitowa ba, an cusa kowanne cikin tsohuwar safa, an naɗe bakinsa da salatif, an jera su kamar rogo a kasuwa. Sun fi goma. Na ƙasa sun mutu, nauyin 'yan'uwansu ya danne su, kashi ya jiƙa kwalin, cinnaku sun riga sun shiga idon ɗaya. Wani yana numfashi ta gefen salatif, yana kallona da ido ɗaya. Na sauka da gudu na yi amai a ƙarƙashin fiffike har sai da na ga ɗaci.

Ka san me amininka ya yi? Dariya. Ya zo yana gyara wando, ya tsinci matattun da yatsa biyu ya wurga cikin ciyawa kamar ɓawon ayaba, ya ce asara ce ta sana'a, ungulu ma ta samu rabonta. Ya ce wai in daina yi masa fuskar waliyyiya, da me nake zaton ake sayen man da nake ƙonawa ina tsalle-tsalle a fili? Wai banza ba ta kai zomo kasuwa. Sannan ya faɗi maganar da ta fi ɗoyin kwalin: wai tun da na dawo bai taɓa samun kwanciyar hankali irin wannan ba, don wa zai binciki jirgin da wata gwaggo mai tabarau take koyon tuƙi? Ashe duk tafiye-tafiyen nan ni ce murfin tukunyarsa. Ina can ina zufa ina murna na iya sauka a gajeren fili, su kuma suna mutuwa a bayan kujerata.

Na cire musu salatif ɗaya bayan ɗaya, na ɗiga musu ruwa da murfin gora. Ya tsaya yana kallo, yana cewa in na gama renon sai mu tafi. Da hadari ya wuce ya ce in matsa ya tuƙa tunda cikina ya ɓaci, na ce ai darasina ne, ni zan kai mu. Na tayar da jirgi, shi kuma ya ɗauka na huce. Sai da muka hango garin, na danna maɓallin rediyo, na faɗi lambar jirgi, na nemi izinin sauka, sannan na ce ina ɗauke da 'ya'yan paraba da aka sato daga daji, a kira ma'aikatan gandun daji su tarye mu. Ko sau ɗaya harshena bai sarƙe ba. Ka san wannan layin duk matuƙin da ke sama yana jin sa. Rufino ya ƙware da ganyensa, gorar ta kife masa a wando, ya riƙa zagina da uwa da uba, iyayenka kai ma. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Kada ka zaci na ci riba. An karɓi tsuntsayen, Dakta Casilda da ke sayen magani a shagona tana cikin masu renonsu, ta ce rabi za su rayu. Rufino kuwa ko kwana bai yi a tsare ba. Washegari na gan shi a kasuwa yana cin shinkafa da busasshen nama, man yana bin haɓarsa, har ya ɗaga mini cokali. Makarantar ta ce kada in sake taka rumfarta. Mirtha ta tare ni a ƙofar coci, ta tofa yawu kusa da takalmina, ta ce na so in cire abinci daga bakin 'ya'yanta saboda tsuntsu. Matan da muke waƙa tare suka sunkuyar da kai. Sauran matuƙa kuwa, waɗanda suka san komai tun dā, sun haɗe kai: na zama mai dogon baki, ba wanda zai ɗauke ni ko kayana. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shi ya sa da ruwa ya ƙaru Delfín ya je da kwalekwale ya ɗauko Mama, tana zaune a kan buhu da gwiwarta mai ciwo, tana kuka don ta bar kajinta da kabarin Baba. Wannan ne kaɗai ya sa na zubar da hawaye a cikin lamarin nan. Da ta ji labarin duka ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Ta dai ce a fitar da hoton baftisman nan daga falo, wanda Rufino ke riƙe da ɗanka.

Haƙuri dai ba zan bayar ba, kada ka sake aiko Mama da wannan saƙon. Tuƙi kuma ban bari ba. In rani ya shigo zan tafi Santa Cruz in zauna a ɗakin Noelia in ƙarasa a wata makarantar, ko da za su sa ni in faro daga farko, ko da can ma za su kira ni Gwaggo.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya hana ni rubuto maka da wuri. A filin ciyawar nan, lokacin da nake cire salatif, Rufino ya ce wai in tambayi yayana ko su wa ke sayen irin waɗannan a Turai, kuma wa ya fara haɗa shi da su. Na ce masa ƙarya yake yi, kuma har yanzu haka nake faɗa wa kaina, don mutumin da ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Ban gaya wa Mama ba, ban gaya wa Delfín ba. Amma kai ka tura ni wurinsa, kai ka ce zai yi mini sauƙi. Ka rubuto mini da hannunka, Yaya, ba ta waya ba. In ƙarya ce zan roƙe ka gafara a gaban kowa. In kuwa gaskiya ce, ka faɗa mini ita haka nan, na ga abin da ya fi ta muni kuma ban mutu ba.

Ka gaishe mini da Brígida, ka ce garin rogon da ta nema zan ba wa ɗan maƙwabciyarmu Doña Petrona in zai koma wajenku. Ka shafa mini kan Lisandro da ƙaramar Itatí. Mama tana sa muku albarka, Delfín da Noelia suna gaisuwa, haka ma Kawu Anselmo, wanda har yanzu yake tambaya ko ka daina jin tsoron kada. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka mai jiran amsarka,
Zulema Cuéllar